Akwatin Wuƙaƙen Kaka

Daga Allah muke, kuma Kaka ya riga mu komawa gare Shi. Ranar Talata aka yi masa sallah a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo unguwar Shisha aka jera kujeru a gaban benen da muke zaune, kwana uku ana zuba gahawa ana karɓar gaisuwa.

Na sha zaman makoki a Makka, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai bi layi ya dafa kafaɗunmu ɗaya bayan ɗaya, ya yi addu'a, da ya zauna sai ya fara ba da labarin ranar da Kaka ya make shi. Wani dattijo mai sayar da carbi ya jawo ni kusa, ya buɗe baki ya nuna mini giɓi a gefen hagu.

"Ka ga nan? Aikin kakanka ne," in ji shi. "Wani ɗan dako na zaga ta uwa a bakin rumfarsa. Wallahi ban ga tahowar hannun ba, sai dai na ji haƙori a kan harshena."

Ya yi dariya har da tari, sai kuma dariyar ta koma kuka, ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Wani a bayana ya ce a hankali, yana zaton ba na ji: "Allah ya gafarta masa, amma mutumin nan ya yi zafi." Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Ɗaliban ilmi 'yan Najeriya sun zo su da yawa, suna ba da labarin yadda yake tsare su a hanya ya cusa musu ƙunshin nama, ya kuma daka musu tsawa in suka tsaya godiya. A ciki wajen mata, Goggo tana kuka tana cewa yanzu wa zai ƙara yi mata faɗa. 'Ya'yanmu kuwa, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suna ta tambaya me ya sa ake dariya a gidan mutuwa. Su tsoho suka sani a keken guragu, mai gyangyaɗi bayan azahar. Domin su nake rubuta wannan, kuma da Hausa, don ko a raye in ka kira shi "Sidi" kamar yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu, ko waiwayowa ba ya yi sai ka ce Kaka.

Mahauci ne ɗan mahauci. Iyayensa da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina, suka yi shekaru a hanya, aka haife shi a unguwar Misfala, nan Makka, a wani gida da yanzu ko harsashinsa babu, otal ya hau kai. A gidan nan aka haife ni, muna zaune mu duka: shi da kakarmu, mahaifina da iyalinsa, Baffa ƙanin mahaifina da nasa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabo. Wasan jika da kaka da ake ba mu labarin ana yi a ƙasar Hausa, mu ba mu san shi ba. In abu ya ɓaci a gida, akuya ta ɓata ko an bar famfo a buɗe, ba ya tambayar yadda aka yi. Tambayarsa ɗaya ce: "A hannun wa yake?" Da an ambaci mutum, sai duka ya biyo baya.

Ina ɗan shekara biyar, da babbar sallah, wani maƙwabci ya kawo sa a yanka masa. Mahaifina ne ke riƙe da igiya. Ban san me ya ɗauke masa hankali ba, san ya fizge ya yi cikin lungu, lungun kuwa cike da mata da yara. Kaka ya jefar da wuƙa ya tare shi gaba da gaba. Na ga san ya haɗa shi da bango, na ji ƙarar da ƙirjinsa ya yi, amma bai saki ƙahon ba. Ya murɗe wuyan har dabbar ta durƙusa, maza suka faɗa mata. Da aka gama yanka, ya miƙe yana dafe da haƙarƙari, jini har gwiwar hannu, ya ɗauki igiyar nan ya ninka biyu. Mahaifina a lokacin da gemunsa, da 'ya'ya uku. A gaban jama'a ya zane shi, mahaifina bai ko ɗaga hannu ya kare ba. Ina leƙe ta bayan zanin mahaifiyata.

Wannan mutumin dai shi ne ke buɗe masallacin unguwarmu. Ba malami ba ne, gajerun surori kawai ya riƙe, amma shi ke share shimfiɗu, ya cika tulunan ruwan sanyi, ya tsaya bayan sahun yara yana muzurai. Ranar Juma'a duk mazan gidan sai mun bi shi a ƙasa zuwa Harami, mu dawo a zuba shinkafa da nama a faranti ɗaya, kuma duk wanda ya yi Larabci a bakin farantin sai ya tashi. Ya taɓa yin wata biyu ba ya magana da ladan saboda ya kori yara waje don sun yi surutu. Har wuyan riga ya ci masa a bakin ƙofa.

"Ka ja kunnensu a ciki," ya ce masa. "In ka kore su waje, wa ka bar wa su?"

Da na cika shekara bakwai, wata rana bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa. Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya buɗe. Wuƙaƙensa ne a jere cikin tsumma: adda ta sara ƙashi, dogayen na yanka, da wata ƙarama mai ƙotar baƙin itace ta fiɗa. Ya sa ni na ƙirga, guda tara.

"Daga yau in na dawo kasuwa kai za ka wanke su, ka goge, ka jera, ka kulle. Ba sa fita gidan nan sai a hannuna. Ka ji?"

"Na ji, Kaka."

Ya zura mabuɗin a zare ya rataya mini a wuya. Mahaifiyata ta yi ƙorafi a bayan ido cewa yaro ne ƙarami. Kakarmu ce kaɗai ta iya faɗa masa a fuska, ya ce shi ma a wannan shekarun ubansa ya ba shi. Na yi watanni ina aikin nan ba kuskure. Ina tafiya ina fito da zaren saman riga don yara su gani.

Akwai ɗan maƙwabcinmu, ɗan wani direban motar alhazai, ya girme ni da shekara biyu. Kullum sai ya ce ƙarya nake, mabuɗin akwatin takalma ne. Wata Alhamis da hantsi, ba makaranta, Kaka ya tafi kasuwa ya bar ƙaramar wuƙar a gida. Na buɗe akwatin na soke ta cikin riga, na fita lungu. Nufina in nuna masa in mayar.

Da ya gan ta sai ya ce in ba shi ya riƙe. Na ƙi. Ya kai hannu ya damƙe ta, ta wajen kaifin. Ni kuma na fizge da duk ƙarfina.

Har yau ina jin yadda ta wuce ba tare da ta tsaya a komai ba. Yaron bai yi kuka nan take ba. Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, naman ya rabe, yatsu biyu sun saki, sai jini ya yi tsartuwa ya fesa mini a riga. Sannan ya ƙwalla ƙara. Na ruga gida ta ƙofar baya, na jefa wuƙar cikin duron ruwa, na tuɓe rigar na cusa bayan buhun gawayi, na haye gado na ja mayafi.

Da aka ɗauke shi za a kai asibiti, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ɗan gidan mahauci." Mu biyu ne maza a gidan masu fita lungu, ni da Yaya ɗan Baffa, mai shekara goma sha ɗaya, wanda kowa ya sani da neman faɗa. Ba wanda ya yi tunanina. Baffa ya dawo daga aiki a guje, ya tarar da Yaya a tsakar gida yana cin burodi. Bai tambaye shi komai ba. Ya tsinke tiyo daga jikin famfo ya rufe shi da duka.

Na fito bakin ƙofa ina kallo. Yaya yana birgima yana cewa, "Wallahi Baba ba ni ba ne! Ban fita ba yau!" Rantsuwar ma ƙara tunzura Baffa take yi. Rigar ta yage, bayansa ya faffashe. Matar Baffa ta faɗa a kansa, ita ma ta samu nata a kafaɗa. Mahaifiyata tana ihu a zo a taimaka. Yaya ya daina magana, sai wani irin gurnani yake yi. Sau ɗaya idonsa ya faɗo cikin nawa. Bakina yana buɗe, amma ko kalma ɗaya ban furta ba.

A haka Kaka ya shigo. Ya ajiye jakarsa, ya kama Baffa ta ƙeya da ɗamara ya maka shi da bango, har tukwanen da ke rataye suka zubo. Ya taka tiyon da ƙafa.

"Kashe shi za ka yi?"

"Baba, ya yanke hannun ɗan mutane!"

"Da wace wuƙa?"

Kaka ya juyo ya dube ni, ya dubi rigar da na canza da tsakar rana. Ya ce in ɗauko akwatin. Na ɗauko, na buɗe. Waɗanda ya tafi da su kasuwa ya zuba, ya ce in ƙirga. Takwas.

"Sake ƙirgawa."

Takwas.

Na riga na san abin da ke biyo baya, na ga an yi wa mahaifina. Na rufe kai da hannu na durƙusa. Na daɗe a haka dukan bai sauka ba. Da na ɗago, Kaka ya tsugunna a gabana, fuskarsa dab da tawa, yana huci.

"Ba zan taɓa ka ba," ya ce. "In na dake ka, za ka ɗauka an gama. Tashi ka faɗa da bakinka, kowa ya ji."

Na faɗa. Na ciro wuƙar daga duro da kaina, na fito da rigar. Ya sa ni na durƙusa gaban Yaya, aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya ce ni zan wanke masa bayan. Ina gogawa Yaya yana zabura, ina kuka yana kuka. Baffa yana zaune a gindin bango ya haɗa kai da gwiwa.

Da aka kira la'asar Kaka ya ce in yi alwala. Mahaifiyata ta tare ƙofa.

"Baba, don Allah. Mutumin nan ya dawo daga asibiti, an ce ya rantse sai ya ga jini. Ka bari ya huce."

"Matsa, 'yata. In ya ɓuya yau, ɓuya zai yi ta yi har ya mutu."

Muka yi sallah, ni a gefensa a sahun farko, inda ba a saba barin yara ba. Da aka fito, direban yana tsaye a bakin ƙofa, rigarsa duk jinin ɗansa, a hannunsa ƙarfen kwance taya. Mutane suka dare. Liman ya fara magana, Kaka ya ɗaga masa hannu. Ya tura ni gaba, ya bar tafinsa a kan kafaɗata.

"Ga wanda ya yi. Ba wanda kake zato ba. Faɗa masa."

Na ce, "Ni ne na ɗauko wuƙar. Ni na fizge."

"An ce jijiya ta tsinke!" direban ya yi ƙara. "An ce yatsun ba za su ƙara lanƙwasa ba! Hannun dama!"

Ban yi zaton zai yi ba, ina jin shi ma bai yi zato ba. Ƙarfen ya tashi sama ya nufo kaina. Kaka ya miƙa hannunsa na hagu ya tare. Ƙarar kamar an karya busasshen itace. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa, Kaka ya kai gwiwa ɗaya ƙasa. Mahaifina da Baffa suka zabura, samarin unguwa suka yi kan direban, wani har ya ɗauki dutse.

"Kar wanda ya taɓa shi!"

Tsawar ta tsayar da kowa. Wannan mutum ne da ya zubar wa wani haƙori a kan zagi. Ya miƙe a hankali, ya tallafe karyayyen hannun da ɗayan, gumi yana zuba daga gemunsa. Ya dubi direban, wanda ƙarfen ya riga ya faɗi daga hannunsa.

"Ni na rataya wa ɗan shekara bakwai mabuɗi," ya ce. "Nawa rabon ke nan, na karɓa. Saura nasa. Daga ranar da ɗanka ya fito asibiti, duk abin da hannun nan yake yi masa, wannan zai yi masa. In ya yi fashi rana ɗaya, ka zo ka faɗa mini."

Direban ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Shi ya kai Kaka asibiti a motarsa. Da umda, wato mai unguwa, ya zo tambaya ko za a kai maganar wajen hukuma, Kaka ya ce ba shi da ƙara.

Kusan shekara guda na yi ina yi wa yaron hidima. Da sassafe in je in ɗaura masa takalmi, in ɗauki jakarsa. A makaranta in kwafa masa darasi bayan na gama nawa. A masallaci in zuba masa ruwan alwala. Makonnin farko ba ya ce mini uffan, wani lokaci ya tofa mini yawu, sau biyu ya shure ni na faɗi a kan matakala. Na kai ƙara wajen Kaka da leɓe a fashe, ya duba ya ce, "Kana da yatsu goma? To koma." Daga baya yaron ya koyi rubutu da hagu, ya ce in daina zuwa, na ce sai Kaka ya sallame ni. Yau tare muke cin abinci in an yi sallah, 'ya'yansa suna ce mini Baffa. Yatsun nan biyu har yanzu a sandare suke.

Mabuɗin kuwa, a ranar da aka naɗe wa Kaka hannu na cire na ajiye a gabansa. Ya ce in mayar wuyana. "Da wa kake so ya wanke su, ni da hannu ɗaya?" Na ci gaba da wankewa har na shiga sakandare.

Wanda abin bai warke masa ba shi ne Yaya. Ni ya yafe mini tun muna yara, amma tsakaninsa da mahaifinsa sai gaisuwa. Ya girma, ya yi aure, ya koma unguwar Zahir da zama. In ya zo gida ya durƙusa ya gaida Baffa, ya tashi ya koma wajen mata. Fiye da shekara ashirin a haka, kowa yana gani, ba mai magana.

Kwana huɗu kafin rasuwar Kaka, bayan azahar, ya ce a kira masa 'ya'yansa maza da ni da Yaya. Ya rame har ana ganin ƙasusuwan ƙirjinsa. Muka zauna a bakin gado. Ya daɗe yana kallon mahaifina da Baffa, dukansu da furfura.

"Na dake ku da yawa," ya ce. "Haka aka yi mini, na ɗauka haka ake yi. Ranar da na shigo na ga yaron nan kwance cikin jini, na san a wajena ka koya." Ya nuna Baffa da haɓa. "Tun ranar nake so in faɗa, bakina ya ƙi. Ku yafe mini."

Mahaifina ya kama ƙafarsa yana cewa ba komai, Baba, ba komai. Baffa kuwa ya dubi Yaya. Ya juya a kan gwiwoyinsa, dattijo mai jikoki, ya fuskanci ɗansa.

"Ka rantse mini ba kai ba ne, ban saurare ka ba. Ka yafe mini, don Allah."

Yaya ya sunkuyar da kai. Can sai muka ji tsohuwar muryar nan, ta shaƙe amma ita ce.

"Kai! Ba ka ji ubanka yana magana ba?"

Har Kaka ya ɗaga hannu sama kamar zai kai mari. Ya dubi hannun a iska, ya mayar da shi kan mayafi a hankali. Yaya ya yi wata irin dariya da hawaye a ciki, ya rarrafa ya kifa kansa a kafaɗar Baffa.

"Na yafe, Baba. Na yafe."

Kaka ya lumshe ido ya ce mu tashi mu ba shi wuri, mun cika masa ɗaki da zafi.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka fi mu sanin zafinsa, Ka fi mu sanin abin da ya tare mana. Mu dai mun yafe. Ka yi masa sauƙin da bai iya yi wa kansa ba.